Rigar Tukunya: Yadda Abinci Ke Ƙarasa Nuna Bayan An Sauke Shi

Kai da ke zaune a rumfar ɗakin magani kana jiran a kira sunanka, da ke uwargida mai goyo a baya, wannan magana taku ce. Za mu yi ta ne a kan wata dabarar dafuwa wadda ba ta bukatar a sayo kome a kanti, watau a ɗinka wa tukunya riga mai kauri, a sauke ta daga murhu tana tsakiyar tafasa, a sa ta ciki a rufe, abinci ya ƙarasa nuna da zafin kansa. Dabarar tana rage cin itace, tana kuma rage shan hayaƙi. Amma fa tana da sharaɗi, wanda ya karya shi kuwa ya dafa wa iyalinsa zawo da hannunsa. Saboda haka ku karanta har ƙarshe, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Bari mu fara da waɗanda suka fi yin amfani da ƙaramar rigar. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu sha'awar tafiyar ƙasa cikin duwatsu da dazuzzuka, ba don fatauci ko neman makiyaya ba, don motsa jiki da buɗe ido kawai. Mutum ya saɓa jaka a baya, a cikinta akwai shimfiɗarsa da tantinsa da guzurinsa da 'yar tukunyarsa, ya yi kwana da kwanaki bai ga kasuwa ba. A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Apalaciya, ta taso daga jihar Jojiya ta ƙare a jihar Men, tsawonta ya kusa mil 2,200, masu bin ta daga farko har ƙarshe sukan yi wata biyar zuwa bakwai suna tafe. Irin wannan matafiyi da ɗan risho na gas yake dafuwa, duk abin da zai ƙona kuwa a bayansa ya ɗauko shi. In ya bar wuta tana ci minti 20 a kowane girki, gas ɗinsa zai ƙare tun bai kai gari ba. Don haka sai ya tafasa ruwa, ya zuba shinkafa ko taliya, ya bar ta ta tafasa minti ɗaya ko biyu, ya kashe wuta, ya zura tukunyar cikin rigarta ya rufe. Kafin ya gama kafa tanti abinci ya nuna.

Da yawa daga cikinsu su ke yin rigar da kansu. Sukan samu wata irin leda mai ƙananan kumfar iska a tsakiya, wadda aka lulluɓe da takardar alminiyam mai walƙiya ciki da waje, irin wadda masu mota ke shimfiɗawa a gilashin gaba don tare rana. Su yanko faifai biyu daidai faɗin tukunya, ɗaya na gindi ɗaya na murfi, su yanko dogon ƙyalle wanda zai zagaye jikinta, su bar 'yar tsaga inda mariƙi zai fito, sa'an nan su haɗa da tef. Aikin rabin awa ne, nauyin rigar kuwa bai kai na ƙwai ɗaya ba.

Ba su ne suka ƙago ta ba. A da can manoman ƙasar Norwe sukan cika akwati da busasshiyar ciyawa su binne tukunya mai tafasa a ciki, har aka nuna irin wannan akwati a babban bajekolin birnin Faris a 1867. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, da makamashi ya yi ƙaranci a Ingila, matan gida sun koma ga akwatin ciyawa. A 2008 kuma, sa'ad da ake fama da ɗauke wutar lantarki a Afirka ta Kudu, wata mata mai suna Sarah Collins ta soma ɗinka jaka mai kauri ta wannan aiki, wadda ake sayarwa da sunan Wonderbag. A Kenya mata suna yin nasu da kwando da tsumma. Duk inda makamashi ya yi wuya sai ka tarar mutane sun faɗo kan dabarar nan.

To, yaya abinci zai nuna ba wuta? Ku lura da wannan, domin shi ne tushen maganar duka. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, kuma in ya kai nan ba ya ƙara zafi, ko da kin tura masa itacen gari duka. Itacen da kike ƙarawa bayan tukunya ta tafasa, aikinsa kawai ya mayar da zafin da ke tserewa. Shinkafa da wake da nama kuwa ba lalle sai a digiri 100 suke nuna ba. In sun zauna cikin ruwa mai digiri 80 ko 90 za su nuna sarai, sai dai su ɗauki lokaci. Ashe in an toshe hanyoyin da zafi ke bi ya gudu, ba a bukatar wutar.

Zafi yakan fita ta gindin tukunya ya shiga ƙasa ko dutsen da aka aza ta a kai. Yakan fita ta jikinta, iska ta kwashe, balle iskar hunturu. Mafi yawansa kuwa tururi ke tafiya da shi duk sa'ad da aka ɗaga murfi. Abin da ke tare shi shi ne iskar da aka tsare wuri ɗaya ba ta motsi, irin wadda ke maƙale a tsakanin zaren auduga ko ƙaiƙayi ko gashin tunkiya. Ke uwargida kin riga kin san wannan, ko da ba a taɓa gaya miki sunansa ba. Da dare kikan binne garwashi cikin toka, da asuba ki tone ki tarar da shi da ransa. Bargon da kike lulluɓa wa yaro da sanyi ba shi da wuta a cikinsa, zafin jikin yaron yake tsarewa. Rigar tukunya ma haka take. Ba ta haifar da zafi ko kaɗan, abin da aka ba ta shi take riƙewa, shi ma a hankali yana zurarewa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu ga yadda za a yi ta da abin da ke gida. In kai matafiyi ne, ko makiyayi, ko ɗan ci-rani, ko masunci mai kwana a bakin ruwa, ko direba mai dafa shayi da taliya a gefen hanya, ƙaramar riga ta ishe ka. Samu tsohon bargo ko gwado, ka ninka shi uku ko huɗu har kaurinsa ya kai faɗin yatsa biyu. Aza tukunyarka a kai ka zana gindinta da gawayi, ka ƙara faɗin yatsa ɗaya a kewaye, ka yanka. Auna kewayen jikinta da igiya, ka yanko ƙyalle mai wannan tsawo, tsayinsa ya ɗara tukunya kaɗan. Ɗinke shi da faifan gindi ya zama kamar hula, ka yi wa bakin zariya irin ta wando. Sa'an nan ka ɗinka ɗan matashi zagayayye na bisa murfi, ka fi ba shi kauri, gama zafi sama yake nufa. Rigar ta kama tukunya sosai, amma kada ta matse har sai an yi kokawa kafin a zura ta, domin kokawa da tukunya mai tafasa ƙuna ce. Irin wannan riga tana riƙe zafin dafuwa kamar rabin awa. Ta isa taliya da shinkafa da kunu, ba ta isa wake ba.

Ta gida kuwa, wadda za ta ɗauki tukunyar iyali, sai an ba ta jiki. Nemi kwando mai zurfi, ko adudu, ko kwali mai ƙarfi, wanda in an sa tukunya a tsakiya za a sami sararin inci 4, watau faɗin tafin hannu, ta kowane gefe da ƙasa da sama. Abin cikawa yana da yawa: auduga, audugar rimi, buntun shinkafa, ƙaiƙayin gero, ɓawon gyaɗa, garin katako, gashin tumaki wankakke, tsummoki, tsofaffin takardu da aka cukuikuye, ko ciyawa mai laushi. Kowanne aka samu, sharaɗinsa ya bushe ƙarau. Zuba shi a gindin kwandon ki danna, ki shimfiɗa babban ƙyalle a kai, ki aza tukunyar da babu kome cikinta, ki cusa abin cikawar a kewaye ta bayan ƙyallen har ya kai bakinta. In kin zare tukunyar za ki ga ta bar gurbi kamar sheƙar kaza. Lanƙwasa bakin ƙyallen ki ɗinke shi a jikin kwando don kada ƙaiƙayi ya zubo cikin abinci. Saura matashi mai kauri wanda zai toshe bakin kwandon ruf, ba kafar da iska za ta bi.

Ƙyallen ciki ya zama na zallar auduga, irin su akoko ko tsohon zane. Nailan da leda da buhun roba narkewa suke yi in gindin tukunya ya taɓa su. Kada kuma a kusanto da buhun takin zamani ko wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, ko da an wanke shi. Wanda ke zaune a gona ko a ruga, ba kwando ba kwali, yana iya haƙa rami a busasshiyar ƙasa, ya shimfiɗe shi da ciyawa mai yawa, ya rufe da buhun algarara cike da ƙaiƙayi. Da damina dai rami ba ya yi, gama jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shanye zafi nan da nan.

Tukunyar ma a zaɓe ta. Wadda murfinta ke zama daram ita ce ta aikin, mai nauyi kuma ta fi mai shara-shara. Tukunyar ƙasa tana riƙe zafi da kyau, sai dai a nemo mata murfin da ya dace, faifai ba zai yi ba. A cika tukunya ta kusa baki, a bar kamar yatsa uku. Babbar tukunya cike ta fi ƙarama jimiri nesa ba kusa ba, rabin tukunya kuwa saurin hucewa gare ta. In abincin kaɗan ne a nemi ƙaramar tukunya a cika ta, a cusa tsumma a sararin da ya rage.

Wajen dafuwa, ana fara ƙirga lokaci ne daga sa'ad da tukunya ta tafasa sosai tana ɓararraka, da dukan kayan haɗi a ciki. Shinkafa ta tafasa minti 5, ta yi awa ɗaya a riga. Doya da dankali da kabewa, in an yanka ƙanana, minti 10 a wuta, awa ɗaya zuwa biyu a riga. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a tafasa shi minti 15 zuwa 20, ya yi awa 3 ko 4 a rufe. Wanda ya jiƙa wake haka ba ya bukatar tula masa kanwa, wannan kuwa riba ce, domin kanwa tana lalata wani sashe na bitamin da ke cikinsa. Nama a yanka shi ƙanana, ya tafasa minti 20 zuwa 30 har zafi ya ratsa tsakiyarsa, sa'an nan ya yi awa 2 ko 3. Babban gunduwa mai ƙashi ba na riga ba ne. A rage ruwa kaɗan bisa yadda aka saba, gama ba ya ƙonewa, ba ya fita. Mutanen kan tudu, irin su Jos da Mambila, su ƙara 'yan mintoci a wuta, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Minti biyu na ƙarshe a yi su da murfi a rufe don shi ma ya ɗauki zafi, a sauke, a sa a gurbi, a danna matashi. Daga nan ba leƙe. Mai ɗaga murfi ta ga ko ya nuna ta saki zafin da ba mai mayar mata da shi.

Akwai abin da rigar ba ta iyawa. Ba ta suya, ba ta turara dambu, ba ta tuƙa tuwo, ko da yake shinkafar tuwo tana iya yin laushi a ciki a mayar da ita wuta a tuƙe. Ganye irin su zogale da alayyafo a bar su sai an buɗe, a mayar wuta su yi 'yan mintoci. Rogo mai ɗaci kuwa kada a kuskura. Dafinsa sai da jiƙo da tafasa a buɗe da zubar da ruwan yake fita.

Me ya kawo maganar tukunya cikin maganar lafiya? Hayaƙi ne. Wake yakan yi awa ɗaya da rabi ko biyu a kan murhu, uwargida tana tsugune tana hura wuta, idonta na hawaye, jariri kuwa yana goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Hayaƙin itace da kara da kashin shanu yana ɗauke da ƙura mai laushin gaske wadda ke shiga har can cikin huhu. Ita ke jawo wa yara ciwon haƙarƙari, ta jawo wa manya tari mai naci da ciwon ido da na zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. In waken da ke cin wutar awa biyu ya koma cin ta minti 20, ku yi lissafin itacen da ya rage a ɗaki, da tafiyar da 'yan mata suka huta zuwa daji, da hayaƙin da jariri bai shaƙa ba.

To, yanzu ga sharaɗin da muka ce, a nan ne kuma muke so ku fi kasa kunne. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci ba su iya hayayyafa cikin zafi mai tsanani, ba su kuma iyawa cikin sanyi mai tsanani. Daga digiri 60 zuwa sama sun tsaya, daga digiri 5 zuwa ƙasa ma sun lafa. Tsakanin nan ne gonarsu, musamman ɗumi irin na jikin mutum. A irin wannan ɗumi ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. In aka bi lissafin, cikin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Abincin kuwa ba lalle ya yi wari ko yauƙi ko tsami ba, sai a ci ana santi.

Wani zai ce, ai an tafasa, tafasa kuwa tana kashe su. Gaskiya ne tana kashe mafi yawansu, amma ba duka ba. Akwai waɗansu da in sun ji wuya sukan dunƙule su yi wa kansu ɓawo mai tauri su kwanta, kamar yadda gaiwa ke shiga taɓo ta yi rani tana jiran ruwa. Tafasa ba ta fasa wannan ɓawo. Da abinci ya huce ya koma ɗumi-ɗumi sai su farka, su tarar an kashe musu abokan takara, fili nasu ne. Ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke kira Basilas, ta fi son shinkafa da taliya. Tana zuba dafi cikin abincin, wanda ya ci sai amai ya kama shi cikin awa ɗaya zuwa shida. Mugun abu game da wannan dafi shi ne ko an sake ɗumama shinkafar ba ya mutuwa. Wata kuma, Kulostiridiyam, ta fi son nama da romo da miya mai kauri, ita kuwa murɗar ciki da zawo take kawowa, yawanci bayan awa 8 zuwa 16, har mutum ya ɗora laifin a kan abin da ya ci daga baya.

Kun ga inda hatsarin yake. Rigar da ta tsare zafi a digiri 90 tana dafuwa, ita ce kuma in an manta da ita za ta tsare ɗumi a digiri 40 tana renon cuta, ta ma fi kwanon da aka bari a fili iya renon. Saboda haka ba abin da zai shiga riga sai wanda aka sauke yanzu yana tafasa. Kada a ƙara masa ruwan sanyi ko ɗanyen abu bayan an sauke. In an buɗe an ɗiba, saura ba ya komawa sai ya sake tafasa. Sauran abincin rana da ya riga ya huce, a ce bari a sa shi a riga ya jira maigida, wannan shi ne babban kuskuren da aka fi yi, haka kuma ake yi da kular da ake saya a kasuwa. Dokarsu ɗaya.

Sa'ad da kika buɗe, duba abu biyu. Tururi ya taso da ƙarfi, jikin tukunya kuma ya zama ba ki iya barin bayan yatsunki a kansa har ki ƙirga uku. In haka ne, abinci yana nan cikin aminci, a raba a ci da zafinsa. In kuwa kin iya dafa tukunyar da tafin hannu ba ki ji kome ba, ta faɗa gonar cuta, ba ki kuma san tun yaushe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Da bazara, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, awa biyun ma an yi sassauci. Shawararmu ita ce kada tukunya ta wuce awa 4 a riga ba a duba ta ba. In ba a shirya ci ba, a mayar da ita wuta tun tana da zafinta, ta tafasa, a sake rufewa. Shinkafar da aka tarar ta huce ta daɗe, a zubar. Mun san zubar da abinci yana da ciwo, balle a shekarar tsada, amma kuɗin mudun shinkafa bai kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba.

Da azumi za a so a dafa da dare a rufe har sahur. Daga bayan isha'i zuwa asuba awa bakwai ne ko takwas, ya yi wa yawancin rigunan gida yawa. Wake ko nama cikin babbar tukunya cike, in an tarar da zafinta na ƙuna, a tafasa sosai a ci. Shinkafa da taliya kuwa gara a tashi a dafa sabuwa, da ma riga ta rage musu aiki zuwa minti 5 a wuta. Mai kai abinci gona ita ma ta lura: ta ɗauki tukunyar cikin kwandonta a rufe, kada ta juye cikin kwano mai sanyi tun a gida, kuma a ci da isarta.

Abincin ƙananan yara ya fi kowanne bukatar tsanani. Jariri har ya cika wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba kunu ba ruwa. Bayan nan, kunun da za a ba shi a dama sabo, ko a sake tafasa shi kowane lokaci, a zuba a kofi mai tsabta ya huce, a ba shi da cokali. Kunu mai sukari ko madara wanda ya yini ɗumi-ɗumi cikin riga ko fulas, babu abin da ƙwayoyin cuta suka fi so kamarsa. Zawon da babba zai yi kwana ɗaya ya warware yana iya tafiya da yaro. In ya kama shi, a ci gaba da ba shi nono, a jiƙa garin gishiri da sukari na cikin fakiti, wanda ake bayarwa a nan ɗakin magani, da tafasasshen ruwa yadda aka rubuta a jiki, a ba shi kaɗan-kaɗan, a karɓi ƙwayar zink a ba shi kwana 10 zuwa 14. In idanunsa suka faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini a kashinsa, a kawo shi nan take ko da tsakar dare ne. Ruwan sha ma riga ba ta tsabtace shi. Sai ya tafasa a wuta tukuna.

Saura maganar gobara da ƙuna. Auduga da ciyawa, balle audugar rimi, ƙiris suke jira su kama. A ajiye kwandon nesa da murhu. Kafin a sa tukunya a duba gindinta, kada garwashi ya manne, a goge da tsumma mai ɗan danshi. A sa gammo na tsumman auduga ko guntun katako a ƙasan gurbin. Rufaffen kwando kuma a idon yaro mai rarrafe kujera ce ko matashi, alhali kuwa tafasasshen ruwa ne a ciki. A sa shi a lungun da yara ba su zuwa, a ƙasa, inda ba zai kife ba. In tsautsayi ya faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kawo shi. Kada a shafa manja ko ƙwai ko toka ko man goge baki, kada kuma a fasa ƙurjin.

Tururi yakan jiƙa abin cikawa a hankali, jiƙaƙƙe kuwa ba ya tsare zafi, sai fumfuna da kyankyaso da ɓera. Bayan kowane girki a buɗe kwandon a shanya shi da matashinsa a rana. A wanke ƙyallen ciki in miya ta zuba, a canja ƙaiƙayi ko ciyawa in sun kwanta ko sun soma wari.

Kafin ku amince wa sabuwar riga da abincin iyali, ku jarraba ta da ruwa zalla. Ku cika tukunya, ta tafasa, ku rufe da hantsi, ku buɗe bayan azahar, watau awa 4. In tururi ya taso, tukunya kuma ba ta taɓuwa, rigar ta yi. In ta huce, a ƙara kauri, a fara da matashin sama da na gindi, a sake gwadawa. Wanda ya sami ma'aunin zafi na girki ya tsoma ya gani ko ya haura digiri 60. Amma kada ku roƙi malamin asibiti ya ara muku nasa na auna zazzaɓi, gama wannan iyakarsa digiri 42 ne ko 43, in ya shiga ruwan zafi lalacewa zai yi.